Yadda Na Ciyar da Labbo

Akwai wani labari da kuke bayarwa a kaina, ku 'ya'yana, wanda nake so ku daina. Na ji shi a bakin Saratu ranar sunan ɗanta tana gaya wa dangin mijinta, na kuma ji Bello ya maimaita shi a rumfar albasa, ya ɗaga murya don ya shiga kunnena in ji daɗi. Wai mahaifinku mutum ne mai zumunci, har wanda ya cuce shi sai da ya ciyar wata goma sha ɗaya a gidan yari, bai taɓa fashin wata ɗaya ba. Lissafin watannin daidai ne, biyan ma na biya, shi ya sa na kasa ƙaryata ku duk shekarun nan. Nakan sunkuyar da kai, ku ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki. To ba ita ba ce. Yanzu da gwiwa ta hana ni zuwa fadama na sami zama, bari in gaya muku yadda abin ya kasance tun ina da bakin faɗa.

Labbo ɗan Gwaggo Tumba ne, ƙanwar mahaifina da aka aurar Jandutsi. Taubashina ke nan. Ku na yanzu kun mai da taubasantaka gaisuwa a waya, amma a zamaninmu taubashi yana da izinin da ko hakimi ba shi da shi. Ya zage ka gaban surukanka, ya cire maka hula a tsakiyar kasuwa ya ɗora a kansa ya yi gaba, ya shigo gidanka ya janye kwanon tuwon da ke gabanka, idan kuwa ka ɓata rai kai ne abin dariya. Labbo ya ɗauki wannan izini ya mai da shi sana'a. Tun muna yara bai taɓa kirana Arzika ba, sai Shamuwa, saboda siraran ƙafafun nan da Bello ya gada. Ni kuma in ce masa Bawana, shi ya ce ai ni ne bawansa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, bakinsa ba ya hutawa, ban taɓa jin ya yi magana uku a jere ba tare da ta ukun ta zama wasa ba. Idan ya ce maka gari ya waye, sai ka leƙa waje ka tabbatar. Ina son sa fiye da wasu da muka fito ciki ɗaya da su, wannan ma ku rubuta ku ajiye.

Ranin da ya biyo bayan raba mu da Sakkwato, lokacin da kowa ke ta murnar mun sami jiharmu, na sayi injin ban ruwa. Ni ne na biyu ko na uku da ya mallaki irinsa a unguwarmu a Aliero. Albasar shekara biyu na adana a rudu, wato rumbun da muke ajiyar albasa, na ƙi sayarwa sai da ta yi tsada, sannan na haɗa da saniya na saye shi. Ja ne, da tiyo baƙi mai tsawo. Wanda ya tashi yana jan ruwa da jigo har bayansa ya ƙage, shi ya san abin da injin nan yake nufi. Na kama lambu babba a fadamar da ke kusa da Jandutsi, na dasa albasa ninkin abin da na saba, don na ga yanzu ruwa ba zai gagare ni ba. Ba zan ɓoye muku ba, har tafiyata ta canja.

Wata safiya na isa lambu na tarar babu inji. Maƙwabcin lambuna ya ce in kwantar da hankalina, Labbo ne ya ɗora shi a jaki ya kai nasa lambun, ya ce a gaya wa Shamuwa bawa ba ya mallakar dukiya. Na yi tsaki na yi dariya tare, na ce gobe zan je in ɗauko. Goben da na je, Labbo na tsaye a bakin rijiyar lambunsa yana sosa ƙeya. Ya bar injin ya kwana a fili, an sace shi har da tiyon. Muka nema har Maiyama, muka bi masu gyaran inji na Jega ɗaya bayan ɗaya, babu labari. Albasata kuwa tana tsakiyar lokacin da take son ruwa. Na koma jigo, ni da 'yan ƙodago biyu, amma lambun ya fi ƙarfin jigo. Ina kallo ganyen ya yi ja daga baki, ya kwanta, fiye da rabi ya ƙone.

Duk da haka da ban kai ƙara ba. Abin da ya kai ni kotu ranar kasuwar Jega ya faru. Na shigo rumfar dillalan albasa, mutane cike, sai na ji muryar Labbo daga can ciki.

"Ku taya Shamuwa murna, jama'a. Injininai ya riga shi tahiya Makka. Ya ce in gaishe shi, sai ya dawo."

Rumfar ta kwashe da dariya. Yanzu na gane kunya ce ta ishe shi, kuma ba shi da wata hanyar ba da haƙuri sai wannan. A ranar ban gane ba. Na ji dariyar har cikin ƙashina. Da na bi hanyar iyayenmu, da gaban dattawan dangi na kai shi, su yi masa faɗa, su yanka masa abin da zai riƙa kawo mini duk kaka. Amma na san abin da dattawa za su ce, taubashi ne, ka yi haƙuri. Wani direban babbar mota da ke ɗaukar mana albasa zuwa kudu ya ba ni shawara in tafi gaban majistare, can babu ruwansu da taubashi. Abin da nake nema ke nan, wurin da babu ruwansu da taubashi. Ba zan faɗi ko wace kotu ce ba, mutanen da suka zauna a cikinta lokacin duk sun watse, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Majistaren saurayi ne, ba ɗan yankinmu ba, fayil tuli a gabansa, da gani a gajiye yake. Da aka tambayi Labbo ko ya ɗauki injin, sai ya gyara tsayuwa ya waiwayi mutanen da ke zaune.

"Ranka shi daɗe, wanga taubashina na. Shi da injinin dut nawa na. Ina anka taɓa jin mutum ya saci abinai?"

Masu sauraro suka yi dariya, majistare bai yi ba. Ya yanke hukunci Labbo ya dawo da inji ko ya biya kimarsa cikin wata ɗaya. Labbo ba shi da inji, ba shi kuma da abin da ya kai rabin kimarsa ko da ya sayar da jakin da akuyoyin Hajo matarsa. Wata ya cika, akawun kotu ya ce in ina so a matsa masa sai in nemi a sake kiransa. Na nema. A zama na biyu ba a tambaye shi me ya mallaka ba, an dai tambaye shi ko ya kawo, ya ce injin bai dawo daga aikin Hajji ba tukuna. Majistare ya rubuta takarda a tsare shi har sai ya biya. Na ga lokacin da ɗan sanda ya riƙe hannun rigarsa, Labbo ya waiwayo ya dube ni da sauran murmushi a fuskarsa, yana jira in ce wasan ya isa haka. Na kau da kai. A raina na ce kwana bakwai ya ishe shi ya koyi hankali.

Kafin in bar harabar akawun ya kira ni ofishinsa. Ya ce wannan ba ɗaurin gwamnati ba ne irin na ɓarawo, saboda haka gwamnati ba ta ci da shi. Wanda ya sa aka tsare mutum shi ke kawo kuɗin abincinsa duk farkon wata. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan, ni ma iyakar abin da na tambaya ke nan. Na biya, ya ba ni rasit, na ninke na sa a aljihu. Ban ga abin mamaki a ciki ba. A gidanmu aka tashe ni da cewa ko faɗa kake da ɗan'uwanka ba ka bari ya kwana da yunwa, kuma abin kunya ne jininka ya ci daga hannun bare kana raye. Har wani sanyi na ji a raina, na ce ashe hukuma ma ta san zumunci.

Kwana uku bayan haka Gwaggo Tumba ta zo Aliero, tsohuwa da sanda, ta sauka ɗakin innarku Kulu. Na shiga gaishe ta ina jiran zagi, na ma shirya amsa. Ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce:

"Arzika, kai ɗan wana na. Abin da yaf faru tsakaninku, ku kunka sani. Abu guda ni ka roƙonka, kak ka bar shi da yunwa."

Na yi mata alkawari. Da na gaya mata na riga na biya kuɗin tuwonsa na wata guda, sai ta fashe da kuka tana sa mini albarka. Daga ranar duk wata sai ta aiko mini da daddawa a ƙunshe cikin ganye, wadda ta yi da hannunta, wai tukuici. Mun ci daddawar nan a miya, ku manyan kuna ciki.

Kwana bakwai suka wuce, damina ta sauka, fushina ya fara sanyi. Na koma wurin akawun na tambaye shi yaushe za a sake shi. Ya buɗe fayil ya nuna mini takardar da yatsa, ya ce ga shi an rubuta, har sai ya biya. Na ce to ba shi da shi fa. Ya ɗaga kafaɗa. Na fito ina gaya wa kaina magana ta fita hannuna, ta koma hannun hukuma. Ban ce masa na yafe ba. Ban tambaye shi abin da zai faru idan na yafe ba. Kalma biyu ce, kuma tana bakina, amma ina so Labbo ya fara aiko mini da ban haƙuri na gaskiya, wanda babu dariya a ciki. Sau ɗaya na je har ƙofar gidan yarin da goro a aljihu, na tsaya na ga mata a layi da kwanoni, na juya na koma tasha.

A wata na uku Hajo ta zo. 'Yar Andarai ce, mace mai kawaici, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta. Ta durƙusa a bakin zaure, ta ce ta je ta ga mijinta ta wata 'yar taga, ya ba ta saƙo.

"Ya ce in hwaɗa maka, don Allah don Annabi ka bar biyan kuɗin tuwonai. Wai in ka bari ko wata guda na, sakin shi za a yi. Wani gandiroba yah hwaɗa mai."

Kun ji. Wannan ne wurin da babu shi a labarin da kuke bayarwa. An gaya mini, da rana tsaka, a zauren gidan nan. Abin da na yi kuwa dariya ce. Na ce Labbo ke nan, ko a kurkuku bai bar halinsa ba. Wa ya taɓa jin an saki ɗaurarre don an hana shi abinci? Na ce girman kai ne, ba ya son a ce Shamuwa ke ci da shi, shi ne ya ƙago wannan. Hajo kanta ba ta tsaya a kan maganar ba, don ta fi kowa sanin bakin mijinta. Ta ce ita dai an aiko ta. Da labari ya kai wa Gwaggo sai ta aiko mini cewa kada in kuskura in saurari shirmen Labbo, in tuna alkawarina. Mutum ɗaya ce ta tsaya, innarku. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Malam, gwada mana. Wata guda na. In ba gaskiya ba ta, ni da kaina ni kai mai tuwo kullum."

Na daka mata tsawa, na ce tun yaushe mata suka san shari'a. Washegari na tafi kotu na biya na wata biyu a haɗe, don Labbo ya san ba a fi ni zuciya ba. Na ɗan taɓa wa akawun maganar cikin raha, ya yi murmushi yana rubuta rasit, bai ce i ba bai ce a'a ba. Allah ya san abin da ke ransa, ni ban sani ba, kuma ba zan ɗora masa kayana ba.

Ga abin da ya fi mini wuyar faɗa. Labarin ciyarwar ya bazu. A masallaci aka fara nuna ni. Liman ya taɓa kawo misali da ni a wa'azi, bai ambaci suna ba amma kowa ya waiwayo. Dillalan da suka yi mini dariya a rumfa suka koma ba ni wuri a tabarma. Mutumin da aka sace wa inji, albasarsa ta ƙone, ga shi yana ciyar da wanda ya ja masa. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Duk farkon wata nakan sa rigata mai kyau in hau mota, idan an tambaye ni ina zuwa in ce za ni kai wa Labbo abinci, in faɗa a hankali yadda masu tawali'u ke yi. Rasit ɗin na riƙa tara su a wata 'yar jakar fata. A wannan daminar gonar Labbo ta Jandutsi ba ta ga fartanya ba. Hajo ta kwashe yara ta koma Andarai gidan iyayenta don su sami abin ci. Na aika musu da dawa sau biyu, wannan ma aka yaba mini.

Gwaggo ta rasu da sanyi, bayan an gama girbi. Ciwon kwana biyar. Na je na same ta a rana ta huɗu, ta kama hannuna, ba ta iya magana sosai, ta ce Labbo, ta ce tuwo. Na ce yana ci, Gwaggo, ban yi fashi ba. Ta lumshe ido. Ni na shiga kabarinta na karɓe ta, wurin da ɗanta ya kamata ya tsaya. Hajo ce ta kai masa labari ta 'yar tagar nan. Na tambaye ta me ya ce, ta ce tambaya kawai ya yi ko nawa ga wata.

Wanda ya warware abin yayan Hajo ne, Malam Haliru, malamin makaranta a Maiyama. Ya gaji da ganin ƙanwarsa da yara a gida, ya je ya ga Labbo, ya kuma yarda da abin da Labbo ya faɗa masa. Lokacin ɗaukaka ƙara ya daɗe da wucewa, amma wani ya gaya masa babbar kotu tana da ikon ta kira fayil daga ƙaramar kotu ta duba da kanta, ko babu wanda ya ɗaukaka, idan ta ga kuskure ta gyara. A lokacin kuwa jiha sabuwa ce, alƙalan babbar kotu suna ta bin tsofaffin fayiloli suna dubawa. Ya rubuta takardar koke da hannunsa ya kai Birnin Kebbi. Da bazara sammaci ya same ni a Aliero. Na yi wanka, na ɗauki jakar rasit ɗina, na tafi da ƙarfin gwiwa. Na ɗauka ko ba komai za a ga ƙoƙarina.

Aka shigo da Labbo. Da ba a kira sunansa ba da ban gane shi ba. Ƙirjin nan ya faɗa, ƙafafunsa sun kumbura, gashin kansa ya yi fari a gefe. Bai dubi inda nake ba. Mai shari'a dattijo ne mai sanyin murya, ya daɗe yana juya takardu. Ya yi bayani da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don mu ji. Ya ce wannan mutum ba a tuhume shi da sata ba, hukuma ba ta da ƙara a kansa, magana ce tsakanin mutum da mutum. A irin wannan, ba a kulle mutum don ba shi da shi, sai wanda yake da halin biya ya ƙi, kuma dole kotu ta bincika ta tabbatar kafin ta tsare. A fayil ɗin nan babu inda aka bincika. Ya ce ko an tabbatar, tsarewar tana da iyaka, ba ta wuce mako shida, kuma takardar da ba ta faɗi ranar fita ba bai kamata a karɓi mutum da ita ba tun farko. Ya soke umarnin, ya ce a saki Labbo nan take. Daga nan ya cire tabarau ya tambaya wa ke biyan kuɗin ciyarwa duk tsawon lokacin nan. Na miƙe tsaye da jakata, na ce ni ne, ranka ya daɗe, ga rasit, ban yi fashin wata ɗaya ba.

Ya dube ni, ba da fushi ba, da fushin ma ya fi mini sauƙi.

"Malam, ka san da ka yi fashin wata ɗaya, da doka ta buɗe masa ƙofa? Kuɗin nan naka shi ne sharaɗin riƙe shi. Ranar da bai zo ba, ranar zai fita."

Na ce ban sani ba. Ya ce babu wanda ya gaya maka? Hajo na zaune a benci na biyu kusa da yayanta. Na sunkuyar da kai. Ya jira kaɗan, ya mai da tabaransa ya kira ƙara ta gaba. Na zauna da jakar a cinyata. Sai a lokacin na gane abin da Labbo yake yi duk farkon wata. Yana zaune yana ƙirga kwanaki, yana fata wannan karon Shamuwa zai manta, ko mota ta lalace, ko zuciyarsa ta yi laushi. Sai gandiroba ya zo ya ce masa an biya. Wata goma sha ɗaya ana gaya masa haka, sau ɗaya ma aka ce an biya har na gaba.

A waje na same shi yana jingine da bango, Hajo na ba shi ruwa. Na matsa na ce Bawana. Ya ajiye kofin, ya ɗan rusuna yadda ake yi wa baƙo mai daraja, ya ce, Malam Arzika, ina wuni, ina gida. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa kirana haka ba. Na ce masa wallahi ban sani ba, na rantse har sau uku. Ya saurare ni har na gama.

"Hajo ta hwaɗa maka," in ji shi.

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan rantsuwar tawa, ranar da kuma duk sauran ransa. Na ce su shiga motar da zan shiga in biya, Malam Haliru ya ce sun gode, suna da tasu. Babu ɗan Aliero ko ɗaya a kotun ranar. Da na dawo aka tambaye ni, na ce an sake shi, aka ce alhamdu lillahi, Allah ya saka maka. Na yi shiru na karɓa. Labbo kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi, ko kuwa ya gaji da faɗin gaskiyar da ba a yarda da ita. Innarku kaɗai na gaya wa, ita ma ba ta ce ai na faɗa maka ba, ta dai tashi ta ɗauke tukunyar daddawar Gwaggo da ta rage ta kai wa maƙwabta.

Ya rayu shekara goma sha wani abu bayan haka. Ya koma gonarsa, ya dawo da Hajo, ƙafafun dai ba su sake zama daidai ba. Da sauran mutane yakan yi ɗan wasa jefi-jefi, da ni kuwa sai ladabi. Duk abin da na aika Jandutsi, dawa ce ko albasa ko naman layya, sai ya dawo da godiya mai kyau. Ya zo auren Saratu, ya zauna cikin dattawa, aka ajiye masa kwano, ya ce yana azumi. Na taɓa samun sa a kasuwar Jega, bayan na dawo daga Makka, na ce yau sai na tono shi. Na zo ta baya na cire masa hula na ɗora a kaina, a gaban dillalan nan na da. Na jira ya zage ni. Wallahi da ya zagi ƙafafuna ranar da na yanka rago. Ya tsaya da kai a buɗe, hannayensa a gefe, ya ce in Alhaji na so shi riƙe. Babu wanda ya yi dariya. Na miƙa masa hular da hannu biyu.

Da aka aiko yana kwance ciwo ya yi tsanani, innarku ta dama fura da nono mai kyau, irin wadda yake zuwa ya ƙwace a hannuna shekarun baya. Na ɗauki ƙwaryar da kaina har Jandutsi. Na same shi a kan tabarma a inuwar zaure, ya rame ƙwarai, Hajo ta ce kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa. Na zauna kusa da shi na buɗe faifan, na ɗebo a ludayi, na ce Labbo, ko kurɓi ɗaya, don darajar Gwaggo. Ya dubi ludayin, ya dube ni. Idonsa babu ƙiyayya, na duba sosai ban gani ba.

"Na ci naka wata goma sha ɗaya, Alhaji," ya ce. "Ya ishe ni."

Ya karɓi ruwa daga hannun Hajo ya sha. Na zauna har la'asar, sannan na rufe ƙwaryar na dawo da ita Aliero a cike. Innarku ta ɗaga faifan ta duba, ta mayar ta rufe. Ya rasu ranar Juma'ar da ta biyo. Idan aka sake cewa ku ba da labarin zumuncin mahaifinku, ku fara daga wannan ƙwaryar.